Awo da Kima a Zamanin Kalkuleta

Akwai wani ɗan siririn littafi da a da ba a raba shi da jakar ɗalibin kimiyya a makarantun sakandaren Kankiya da Kusada, wanda yanzu sai an tona kafin a sami mai shi. Yara suna kiransa fo-figa. Ba labari a cikinsa, ba hoto, lambobi ne zalla a jere layi-layi, ƙanana ƙwarai, sai an ɗora rula a ƙarƙashin layi kafin ido ya bi shi bai ɓace ba. Takardunsa sukan yi laushi don yawan shafa, gefensa ya yi baƙi da gumin yatsa, wani shafin har da warin kananzir na fitilar karatun dare, kuma yakan wuce daga hannun wa zuwa hannun ƙane har bangon ya rabu da shi. Har gobe darasinsa yana cikin manhaja, amma a matsayin abin da za a haddace a wuce. Aikin da yake yi kullum kalkuleta ta ɗauke, ita ma wayar hannu tana neman ɗauke nata. Ban ga abin kuka a nan ba. Littafin wahala ne, ya kuma cinye wa yara lokacin da ya kamata su ba ainihin tambaya. Sai dai ina ganin da zai tafi ya haɗa da wani abin da ba nasa ba ne, abin da ya girme shi a ƙasar nan nesa ba kusa ba, kuma rashin wannan abin ne ya sa juya ma'auni a darasin fiziks, daga kilomita zuwa mita ko daga giram zuwa kilogiram, ya zame wa ɗalibin yau ƙarfen ƙafa.

Wanda bai taɓa riƙe shi ba sai an gaya masa yadda yake aiki. An gina shi ne a kan dabarar logaridim, wadda John Napier ya fito da ita a 1614, Henry Briggs kuma ya daidaita ta a kan goma, kuma amfaninta shi ne ta mayar da ninkawa tarawa, ta mayar da rabawa ɗebewa. To amma jadawalin bai san inda ɗigo yake ba. Ko 4,730 kake nema, ko 47.3, ko 0.00473, layi ɗaya za ka buɗe, abu ɗaya kuma zai ba ka, wato 6749. Sauran aikin naka ne. Kai za ka tsaya ka tambayi kanka goma sau nawa aka ninka a cikin lambar, ka rubuta 4,730 a matsayin 4.73 × 10³, ka kawo 3 ka ajiye kafin abin da jadawali ya ba ka, idan 0.00473 ce, ka gane 4.73 × 10⁻³ ce, ka sa 3 mai 'yar sanda a ka. In ka gama tarawa ka koma jadawalin da ke mayar da amsa, can ma lambobi huɗu zai miƙo maka tsirara, kai za ka yanke inda ɗigo zai zauna. Ke nan a tambaya guda yaro zai yi wannan rubutu na ninkin goma sau uku ko huɗu ba tare da an ce masa darasi yake yi ba. Yau kuwa rubutun ninkin goma babi ne guda a littafin lissafi, ana yinsa a rufe, sai ya sake ɓullo wa yaro a fiziks bayan ya manta da shi.

Amma fo-figa baƙo ne, boko ya kawo shi. Kafin zuwansa mutanen ƙasar Katsina sun daɗe suna juya ma'auni da ka, kuma da lissafin da ya fi na mita wuya. A zamanin wuri, fatake suna ƙidayar kuɗi da hauya da zangu da zambar, buhun tabarma mai wuri 20,000 kuma su ce keso ɗaya. Da kuɗin Turawa suka shigo, anini 10 ne kwabo, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga taro ga sisi ga nai ga fataka a tsakani, kuma tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba takan ba da canjin sule a cinikin taro da ɗari ba ta yi kuskuren anini ba. Manomi ya san damin gero nawa ke cika rumbunsa, ya san dami zai ba da tiya nawa in an sussuke, ya san tiya 40 ake zubawa a babban buhu. Mai haƙar rijiya da gaba yake faɗin zurfinta, masaƙi da kamu yake auna sawaye, magini kuma da taki yake fitar da faɗin ɗaki. A zaure ma haka abin yake. Almajirin da ya kai babin zakka a littattafan Malikiyya irin su Risala ya san nisabin hatsi wusƙi 5 ne, wusƙi sa'i 60, sa'i mudannabi 4, ya ninka ya sami 1,200. A babin sallar matafiyi kuma ya san baridi 4 ne ke halatta ƙasaru, baridi farsahi 4, farsahi mil 3, jimla mil 48. Wannan sarƙar, ta ɗaukar adadi daga babban ma'auni a sauko da shi mataki-mataki zuwa ƙarami, ita ce dai ake nema a wurin ɗalibin fiziks, ba ƙari ba ragi. Ƙasar da ta fitar da Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732 ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ba za a ce 'ya'yanta ba su gaji lissafi ba.

Abin da ya riƙe wancan tsohon tsarin shi ne kowane ma'auni a jikin mutum yake ko a hannunsa. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, gaba buɗe hannuwa biyu ne, dami abin da kai ya taɓa ɗauka ne ya ji nauyinsa a wuya. Wanda ya tashi yana jin ƙarar gero yana zuba a kwano, yana shaƙar ƙurarsa, yana kallon yadda mai awo ke tara shi ya yi tozo sannan ya ƙara gyara, ba ya bukatar alƙalami kafin ya san an tauye shi. Shi ya sa magabata suka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Maganar ta raba aiki gida biyu: mudu ke ba da adadi, ido kuma ke faɗin ko adadin zai yiwu. Fo-figa, ba da niyyarsa ba, ya ci gaba da tilasta wa yaro aikin idon, tun da shi ne mai ajiye ɗigo. Kalkuleta ce abu na farko da ya zo ya yi aikin mudun duka bai nemi komai a wurin ido ba.

To amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma barar nan tana da nata tabon. Kamun dogon mutum ba ɗaya yake da na gajere ba. Tiyar da ake saye da ita a ƙauye ba lalle ita ake sayarwa da ita a kasuwar Charanchi ko Dawanau ba, bugaggen kwano kuma ba yau aka fara ganinsa ba. In da tauye mudu ba tsohon ciwo ba ne, da sura sukutum ba ta sauka a kansa ba. A zamanin gyaɗa da auduga manomi yakan kawo kayan da ya sani da buhu da kwano, a ɗora a sikeli, akawu ya faɗi nauyin da laba, shi kuwa ba shi da hanyar juya wannan zuwa wancan, don haka farashi yana hannun wanda ya iya juyawar. Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973, dokar awo da ma'auni ta 1974 kuma ta tabbatar da mita da kilogiram da lita. Wannan riba ce da ba ta da musu. Tsarin da Faransa ta ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 18, aka ƙulla yarjejeniya a kansa a 1875, aka sabunta shi a 1960, bai dogara da hannun kowa ba. Tun 1983 mita ita ce tazarar da haske ke yi a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na sakan. Kilogiram ma, wanda tun 1889 dunƙulen ƙarfe ne da ake ɓoye a kusa da birnin Paris, an raba shi da wannan dunƙulen a ranar 20 ga Mayun 2019 an ɗaure shi a kan wani adadi na halitta da ba ya tsatsa ba ya lalacewa. Ga sauƙi kuma: maimakon 12 da 20 da 60, komai goma-goma ne. Da kamu da gaba ba za a taɓa auna nisan rana ba, amma da ninkin goma layi ɗaya ya isa: mita 1.5 × 10¹¹, haske yana gudun mita 3 × 10⁸ a sakan, a raba a sami sakan 500, wato hasken da ke dukan gonakin Kusada ya baro rana minti 8 da 'yan sakanni da suka wuce.

Sai dai sauƙin nan shi ne ramin. Wanda ya yi kuskure tsakanin sule da fam zai ga lambobin sun canja kamanni, amma tsakanin 2.5 × 10² da 2.5 × 10⁵ ba abin da ya canja sai 'yar mitsitsiyar lamba a sama, alhali na biyun ya ninka na farko sau 1,000. Ga tambayar da kowane malamin fiziks ya sani: mota tana gudun kilomita 72 a awa, mita nawa take yi a sakan? Kilomita 72 mita 72 × 10³ ne, awa sakan 3.6 × 10³ ce, ninkin goman ya cinye ɗan'uwansa, amsa 20. Yaron da ya haddace 3.6 ya manta ko rabawa ake yi ko ninkawa zai danna ya sami 259.2, ya ja layi biyu a ƙarƙashi hankalinsa kwance. Ya rubuta ke nan cewa motar haya a hanyar Kankiya zuwa Katsina tana ratsa filin ƙwallo biyu da rabi a sakan guda, gudun jirgin alhazai a sararin sama, maganar da ko yaron mota a tasha ba zai saurara ba. Ko a ce jarkar ruwa mai lita 25, a nemi nauyin ruwan. Lita 25 santimita kubik 25,000 ce, wato tsawo da faɗi da zurfi. Da yake santimita 100 ce mita, yaro yakan raba da 100, ya manta cewa a nan 100 sau 100 sau 100 ake bukata, wato 10⁶, sai ya fito da kilogiram 250,000 maimakon 25. Nauyin tirela takwas ke nan na takin zamani, ga jarkar da wataƙila shi ya ɗauko ta daga famfo da safen nan. Ba rashin basira ba ne. Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa jarkar cikin takarda ita ce jarkar gidansu.

Za a ce ai don haka aka yi na'ura, kuma wayar da ke aljihu tana juya kowane ma'auni kafin ƙiftawar ido. Gaskiya ne tana juyawa, amma abin da aka ba ta take juyawa, ba ta kuma san mene ne lambar ke wakilta ba. Ita kanta tana da tarkonta: wasu kalkuletocin sukan nuna cajin ilektiron a matsayin 1.6 da 'yar −19 a gefe, yaro ya kwafe 1.6⁻¹⁹ maimakon 1.6 × 10⁻¹⁹, bambancin da ya kusa ninki 10¹⁵. Kuma ba ƙananan yara kaɗai abin ke kayarwa ba. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a bakin duniyar Mars, saboda manhajar wani rukunin injiniyoyi tana fitar da adadin turi da ma'aunin laba, ta ɗaya rukunin tana karɓarsa a matsayin niyuton, bambancin da ya haura ninki huɗu. A watan Yulin 1983 man wani jirgin Air Canada, ƙirar Boeing 767, ya ƙare a sama, domin an lissafa man da laba an ɗauka kilogiram ne, jirgin ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake bukata. Ƙwarewar matuƙan ce ta sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli ba a rasa rai ba. A duk wuraren biyu na'urori sun yi lissafinsu daidai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai dubi amsar ya ce wannan adadin bai yi kama da gaskiya ba.

Za a kuma ce, yara nawa ne a Kankiya da Kusada za su zama injiniyoyi, da har za a damu da ɗigon da ya goce a takardar jarrabawa? Wannan ƙorafin ya fi na farko ƙarfi a kunne, amma ya fi shi rauni idan aka leƙa gona da asibiti. Manomin da kakansa ya yi noma da hauya yau yana goye da injin feshi. A ce takardar jikin kwalbar maganin ciyawa ta ce lita 4 a kadada, a ce kuma kadada tana shan ruwa lita 200, injin kuwa lita 16 yake ɗauka: ciko 12 da rabi ke nan, kowane ciko mililita 320. Shi kuwa abin da ke hannunsa gwangwanin madara ne, gonar kuma da eka ya san ta ko da yawan damin da take bayarwa, alhali kadada mita 10⁴ ce murabba'i, kusan eka biyu da rabi. In ya gaza, ciyawa ta tashi kuɗinsa sun tafi. In ya zarce, shuka ta ƙone. Ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya gobe shi zai tsaya tsakanin miligiram da maikirogiram, wato tsakanin 10⁻³ da 10⁻⁶, da sirinji a hannu da jariri a gabansa. Mai haɗa sola yana juya wat da bolt da ƙarfin batir kullum. Rabin rayuwarmu ma ba ta koma mita ba har yau: tela da yadi da inci yake aiki, bulo inci 6 ne ko 9, fili ƙafa 50 ne a 100, galan ɗin ɗan bumburutu lita 4 ne yayin da na Ingila ya haura lita huɗu da rabi, unguwar da ke bakin Kano a hanyar Katsina kuma har yanzu Mil Tara ce. Yaron yau yana tsakanin tsarin awo uku, kakansa biyu kawai ya sani. Bukatar juyawa ƙaruwa ta yi, horon ne ya ragu.

Ba ina nufin a dawo da fo-figa ba, balle a shigo da tiya cikin takardar jarrabawa. Masu cewa ma'aunin da ba shi da tsayayyen girma ba shi da gurbi a kimiyya sun yi daidai, matuƙar ana maganar amsa ce. Amma kima ba amsa ba ce, tsani ne da ake gwada amsa a kai, kuma kowane matakinsa ana iya ɗaure shi da abin da yaro ya taɓa da hannunsa. Ƙwayar gero tana wajen kilogiram 10⁻⁵, tiyar hatsi kilo biyu da wani abu, babban buhu 10², tirela mai buhun taki 600 kuma 3 × 10⁴. Daga nan yaro da kansa zai gano cewa buhun gero yana ɗauke da ƙwaya wajen miliyan goma, lissafin da ba wanda zai iya yi da ƙirga ɗaya-ɗaya. Dogon taki kusan mita ne, filin ƙwallo 10², Kankiya zuwa Kano wajen 10⁵, daga tsakiyar duniya inda rana ke tsayawa a ka zuwa ƙuryar arewa 10⁷, wanda daga shi ne ma aka fara yanko mita. Fankokin lantarki 37 da ke Lambar Rimi, waɗanda matafiyi zuwa Katsina ke hangowa daga mota, kowace kilowat 275 ce, jimla kusan wat 10⁷, wato idan suna juyawa da cikakken ƙarfinsu za su kunna ƙwai miliyan ɗaya mai wat 10. Abin dariyar shi ne yaron da ke kasa rarrabe kilo da mega a aji ba ya taɓa ruɗewa a wurin sayen data. Ya san gigabayit ya ninka megabayit wajen sau dubu, domin kuɗinsa ne ke tafiya. Kalmomin nan guda ne, ma'anarsu guda, ba a dai haɗa masa su ba ne.

Inda zan sakar wa masu musu shi ne tsanin yana da iyaka. Ƙasa da ƙwayar gero da silin gashi ido ba shi da sauran kima, kuma ba wani dattijo a kasuwa da ya taɓa jin nauyin ilektiron a tafin hannunsa. A nan ninkin goma ne kaɗai jagora, amma ko a nan daga abin da aka sani ake saukowa: kaurin gashi wajen mita 10⁻⁴ ne, faɗin atom wajen 10⁻¹⁰, a ɗebe wannan daga wancan a ga cewa sai an jera atom kusan miliyan ɗaya kafin a ƙetare silin gashi guda. Malamin da ya saba wa ɗalibansa su rubuta ninkin goman da suke tsammani a gefen takarda kafin su taɓa kalkuleta, minti ɗaya zai kashe a kowace tambaya. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, lokaci a ƙayyade, zaɓi huɗu a gaban yaro, kuma a tambayoyin fiziks sau da yawa lambobin farko na zaɓin iri ɗaya ne, 'yar lambar saman goma ce kawai ta bambanta su. Wanda ya san jarka ba ta kai nauyin tirela ba yakan watsar da biyu ko uku daga ciki tun bai fara lissafi ba.